Ƙwaya Huɗu Cikin Ɗari

A shekarar fari ta biyu aka tara mu a Sakkwato, mu malaman firamare, aka ce za a koya mana sabuwar hanyar koyar da lissafi da kimiyya. Mako uku muka yi. Wani mutum mai tabarau ya tsaya gabanmu ya ce ƙasa ba ta da isassun injiniyoyi, ba ta da likitoci, ba ta da malaman gona, kuma laifin namu ne, don mun mayar da yara aku, suna haddace abin da ba su taɓa riƙewa da hannu ba. Ni dai takalminsa nake kallo. Na ce a raina, wannan ƙafar ba ta taɓa nutsewa a rairayin ƙasar Isa ba, kuma wanda ya tara mutane a irin wannan shekara yana ba su shinkafa sau uku a yini, akwai abin da yake nema.

Haka Allah Ya yi ni. Mahaifina tela ne a Sabon Birni, a shagonsa na tashi, inda mai yadi ke zargin tela da rage ƙyalle, tela kuma ke zargin mai yadi da ƙaryar awo. Ban taso ina yarda da mutum don ya yi mini fara'a ba. A lokacin ina ɗaukar wannan hali wayo ne.

Da aka gama aka ba kowace makaranta akwatin katako guda, cike da kwalabe da sikeli da gilashin ƙara girman abu. Na ɗauko namu a bayan mota har ƙauyen da nake koyarwa, can wajen Turba. Hedimasta, dattijo ne ɗan garin, manomi kafin ya zama malami, ya buɗe ya leƙa, ya ga takardar da aka jera sunan kowane abu da adadinsa, sai ya mayar da murfi ya sa kwaɗo.

"Ranad da mai duba makarantu yaz zo, ƙidaya za ya yi," in ji shi. "In kwalba guda ta hwashe, ni za a tambaya. Bari su zamna nan, lahiya lau."

Na yi zargin yana so ya sayar da su ne. Shi kuma, na ji daga baya, ya yi zargin ni zan kwashe su in kai Sabon Birni. Akwatin dai bai sake ganin rana ba, ya zama kujerar baƙi a ofis.

Cikin duk abin da aka koya mana, abu ɗaya ne ba ya bukatar akwati: gwajin tsiro. A ƙirga ƙwayar hatsi ɗari, a jera ta goma-goma a kan jiƙaƙƙen buhu, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar a warware a ƙirga waɗanda suka tsira. Kimiyya ke nan, kuma ga lissafin kashi cikin ɗari ya zo da ƙafarsa. Na so abin ƙwarai, don shi kaɗai ne na ga yana da amfani ga ɗan manomi. Amma ba don wannan kaɗai na yi shi ba, kuma dole in faɗi ɗaya dalilin.

Tun da na zo garin mai gari ya haɗa ni da wani dattijo ya zama mai masaukina. Baba nake ce masa. A ɗakin da ke jikin zaurensa nake kwana, daga gidansa kuma ake kawo mini tuwo kowace magariba. Mutum ne dogo, marar yawan magana, gonarsa ba ta fi ta kowa ba, dabba kuwa sai jaki ɗaya da fari ya kashe. Abin da yake da shi wanda wasu ba su da shi shi ne amana. A garin, idan magidanci zai tafi cin rani, ba ya barin damin irinsa a gida, don ya san yunwa za ta iya sa iyali su sussuke shi kafin ya dawo. Sai ya kai wa wanda aka yarda da shi ya sa a rumbunsa. A shekarar nan mutum biyar ne suka bar irinsu a rumbun Baba suka yi kudu. Kuma rumbun magidanci ba a leƙa shi. Matarsa ma ba ta san abin da ke ciki ba, sai abin da ya fito da shi ya miƙa mata. Saboda haka irin gida biyar yana hannun mutum ɗaya, ba shaida sai Allah, kuma duk mutuncin Baba a garin a kan wannan yake tsaye.

To ni abin da ya hana ni sakat shi ne tuwon. Gari ya koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, da jar dawar agaji mai warin sito in an samu. Amma ni kullum tuwon hatsi ake kawo mini, mai kyau, mai ƙamshi, ko da malmalar tana ƙara ƙanƙancewa. Ina ci ina lissafi. Mutumin da bai girbe abin kirki ba shekara biyu, ina yake samun irin wannan hatsi? Bayan asuba nakan ji motsin tsaninsa a jikin rumbu. Na ce a raina, dattijon nan ya fara taɓa kayan mutane. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ban daina cin tuwon ba.

Da na ce wa 'yan aji shida kowa ya zo da ƙwaya ɗari ta irin gidansu, ina da wata manufa a ƙasan zuciyata. 'Yar Baba tana cikin ajin. Na ce in yana da irin kansa, zai ba ta. In ba shi da shi, za ta zo hannu wofi, ni kuma in san inda tuwona ke fitowa.

Yarinyar nan ita ce ta fi kowa lissafi a makarantar, maza da mata. Ba ta wuce shekara goma sha uku ba, siririya, ba ta ɗaga murya, amma kafin in gama rubuta tambaya a allo na ga leɓenta ya daina motsi, ta riga ta gama. Idan mai tabarau yana neman injiniya da gaske, ga ta nan zaune a kan tabarma tana rubutu da guntun fensir.

Hedimasta ya ji labari ya kira ni.

"Malam, iri kac ce su kawo?"

Na ce, "Ƙwaya ɗari kawai, ranka ya daɗe. Ko cikin tafin hannu ba ta cika ba."

"Ba yawan nika ji ba." Ya dubi ƙofa. "Mi za ya hana ka sawo hatsi kasuwa ka yi da shi?"

Na ce amfanin abin shi ne kowa ya san lafiyar irin gidansu kafin ruwa ya sauka. Ya ce to, ni na je Sakkwato, shi bai je ba. Na fita ina cewa a raina tsoho yana baƙin ciki ne don an fara yin abin da bai iya ba.

Yara ashirin da uku gare ni a ajin. Washegari goma sha huɗu suka zo makaranta, tara suka kawo iri. Labari ya zaga gari cewa gwamnati ce ta aiko ni in gano masu hatsi, don a cire su daga rabon agaji. Wasu suka ce a'a, tarawa zan yi in yi kunu. Wata tsohuwa ta tare ni a bakin rijiya, ta ga ina jiƙa tsumman buhu da ruwan da mutane ke kwana layi a kansa, ta tambaye ni ko a Sakkwato buhu ma ƙishirwa yake ji. Na yi kunnen uwar shegu da ita.

'Yar Baba tana cikin taran. Ta kawo nata ƙulle a bakin zane, ta kwance ta zuba a kan benci ba ta dube ni ba. Na ɗan ji kunya, na ce ashe na zargi mutum a banza. Na ga ƙwayar ta yi duhu, ta yi ƙanana, amma ni ɗan tela ne, hatsi a wurina hatsi ne. Muka jera, muka naɗe. Sai na yi abin da aka koya mana a kwas ɗin Sakkwato, cewa gwaji ba ya cika sai da alama: na yanka kwali, na rubuta sunan maigidan kowane yaro, na soke a jikin buhunsa.

Ranar kwana na biyar ajin ya cika maƙil, har waɗanda suka gudu sun dawo kallo. Muka warware buhu na farko, ga fararen saiwoyi sun fito kamar gashin tsoho. Yara suka yi ta murna, ni ma na ji daɗi har raina, don ban taɓa ganin sun matso kusa da darasi haka ba. Kowa ya ƙirga nasa ya je allo ya rubuta. Tamanin da ɗaya. Saba'in da shida. Tamanin da takwas. Na zana layuka, suna a hagu, adadi a dama.

Da aka zo kan nata, ta warware a hankali. Yawancin ƙwayar ta kumbura ta yi baƙi, wasu sun yi furfura, wari na tashi. Ta ƙirga da ɗan tsinke, ta sake ƙirgawa, alhali kallo ɗaya ya isa. Ta tashi ta karɓi alli. Ta daɗe tsaye gaban allo, hannunta a sama. Sannan ta rubuta huɗu a gaban sunan ubanta, ta koma ta zauna.

Ni kuwa sai na gyara murya na yi bayani. Na ce wannan misali ne na rashin iya ajiya, ƙila danshi ya shiga, ƙila ƙwari, ya kamata a gaya wa Baba ya riƙa zuba toka. Na sa kowa ya kwafe jadawalin a littafinsa, kuma na ce su nuna wa iyayensu, don ilimi ya shiga gida. Har yau in na tuna muryata a ranar sai in ji kamar in nutse.

Kafin azahar hedimasta ya shigo ajin bayan an tashi. Ya tsuguna ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga buhun, ya murza ta tsakanin yatsu, ta fashe ba komai ciki.

"Wanga ba iri na ba, Malam."

Na ce, "Iri ne mana, ya dai lalace."

"Sharag gindin rumbu ta. Abin da ka zuba ƙasa shekara da shekaru, ƙwari su ci su bari. Babu manomin da ka aje wanga don shuka. In mutum ya kai ga share gindin rumbu don shi samu ƙwaya ɗari, mi kake gani yas saura ciki?"

Na sunkuya na fara naɗe buhun.

"Kai ba ka iya karanta shi ba," in ji shi, yana nuna allo da haɓa. "Amma duk gidan da littahin ga yash shiga, sun iya."

Sun kuwa iya. Kafin la'asar magana ta gama gari: rumbun Baba ya kai ƙasa. In kuwa ya kai ƙasa, ina irin mutum biyar? Zargin da na ɓoye a cikina wata da watanni, sai ga shi a bakin kowa, kuma ni na rubuta shi da alli na raba wa yara. Abin mamaki, da na ji shi a bakin wasu sai na ji ya yi muni. Amma ban fasa yarda da shi ba. Na ce a raina, to ai gara a sani tun ruwa bai zo ba.

Kwana biyu ana gunaguni. A masallaci mutane suna gaisawa da Baba, amma gaisuwar ta gajarce. Shi bai canza komai ba, tuwo ma bai fasa zuwa ba, sai dai ba yarinyar ke kawowa ba, shi da kansa yake ajiye mini a bakin ƙofa. A rana ta uku mahaifiyar ɗaya daga cikin masu cin rani, tsohuwar nan ta bakin rijiya, ta tafi gidan mai gari da wasu mata biyu. Ta ce ɗanta ya bar dami biyu, su ne ran jikokinta, ita ba ta ce an ci ba, amma tana so idonta ya gani. Mai gari ya yi ta lallashi, ya ce ba a taɓa yi ba, a jira mazan su dawo. Ana cikin haka Baba ya iso, don an gaya masa.

"Ranka shi daɗe, a tahi a buɗe," in ji shi. "Tana da gaskiya. Kayan ɗanta na."

Bayan la'asar aka taru a bayan gidansa. Ba a kira kowa ba, amma rabin gari ya zo. Na tsaya can baya jikin danga. Baba ya jingina tsani, ya hau, ya ture murfin rumbu da kansa, sannan ya sauko. Ya ce shi ba zai shiga ba, kada a ce ya gyara wani abu. Ƙanen mai gari ya hau ya faɗa ciki.

Dami na farko ya fito, ɗaure da igiyar kaba da ƙullin shuɗin ƙyalle. Baba ya faɗi sunan mai shi. Na biyu, da tsinken fata. Ya faɗi sunan mai shi. Haka aka yi ta miƙowa ana jerawa a ƙasa, kowane dami da alamar da mai shi ya sa da hannunsa, ɗaurin bai motsa ba, zangarniya ko ɗaya ba a zare ba. Tsohuwa ta tsuguna ta shafa nata biyun, ta juya su, ta sake shafawa. Dami tara na mutum biyar, cif.

Mai gari ya ɗaga kai ya ce, "Saura nashi. Bar su ciki, hito."

Murya ta fito daga cikin rumbu: "Babu saura, yaya. Ƙasa ta, an share ta tas."

Da an samu dami ɗaya ya ɓace, da an yi hayaniya, kowa ya samu abin faɗi. Amma wannan ba a shirya masa ba. An zo kama ɓarawo, sai aka tsiraita mutum. Maza suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Tsohuwa ta fara cewa a mayar, a mayar da su ciki, ita ta yarda. Baba ya ce a'a, kowa ya ɗauki na gidansu tun da ga su a fili, shi ya sauke. Ya faɗa ba da faɗa ba. Ya tsaya har aka kwashe, sannan ya hau ya mayar da murfi a kan rumbun da ba komai cikinsa, ya daidaita shi sosai.

Ban iya zuwa wurinsa a ranar ba. Washegari da hantsi, ranar ba makaranta, na same shi a zaure yana tufka igiya. Na gaishe shi na zauna a ƙasa. Na shirya magana mai tsawo, ta watse. Na ce, "Baba, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

"Aikinka kay yi, Malam."

Na ce ba aiki kaɗai ba ne. Na gaya masa gaskiya, cewa tun kafin gwajin ina zarginsa da taɓa kayan amana, kuma don haka na ce a kawo iri. Ban san abin da ya sa na faɗa ba, wataƙila ina so ya zage ni in samu sauƙi. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar kaɗan, sannan ya ci gaba.

"Na sani," in ji shi. "Kana cin tuwo kana kallon rumbu."

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Abu guda nika son in tambaye ka. Lissahin da ɗiyata tay yi, daidai na?"

Na ce daidai ne.

"To madalla. Ta zo gida tana kuka. Tac ce da tat tsaya gaban allo ta so ta ƙara sihiri ga bayan huɗun, shi zama arba'in, babu mai duba nata. Hannunta yak ƙiya. Nac ce mata, da kin ƙara, da na hisshe ki makarantag ga yau. Ni na ba ta shara don kada a ce ɗiyata ta zo hannu wohi cikin tsara. Kuskurena na, ba nata ba."

Na ce zan tafi Unguwar Lalle wurin kawuna in samo masa iri kafin ruwa. Ya ce Allah Ya ba da iko, in an samu zai karɓa, yanzu ai ba abin da zai hana shi karɓa. Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta a gwiwa. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Na yi magana da hedimasta. Daga yau daga gidanshi za a kawo maka abinci. Ba hushi na ba, Malam, kak ka ɗauka haka nan. Mu anza muka ci tun watan da kaz zo, ba ka iya ta. Dauri ina da abin da nika ruhewa da shi. Jiya yaƙ ƙare."

Na tashi na fita, ban san ko na yi sallama ba. Na bi hanyar makaranta don ba ni da wani wurin zuwa, rana tana dukan ƙeyata. Ban so in yi lissafin ba, shi ya yi kansa, don kan malamin lissafi ba ya tambayar izini. Wata biyar ina gidan. A ce tiya ɗaya a mako, ko da malmala ta ƙanƙance. Na san girman gonarsa, don na taɓa kai yara mu auna ta da taki, kuma na san abin da take ci ranar shuka. Hatsin Baba da na cinye, alhali ina zarginsa, ya isa ya shuke ta sau uku.